Jirgi a Tsakar Gida

Mutane suna cewa dam ne ya kashe Mai Fito. Ni da katanga ɗaya ce ta raba ni da tsakar gidansu na ce ƙarya ne, wanda zai ji haushi ya ji. Dam ya ci garinmu, wannan ba na musu. Ya ci kasuwa da makabarta da tsamiyar bakin ruwa, ya ci murhun da na tsufa ina bandar kifi a kansa. Amma tsohon nan da ransa da lafiyarsa ya hau tudu tare da mu. Da ƙafarsa ya diro daga motar kwasar kaya, yana tsokanata wai na fi tattalin tukwanena a kan jikokina. Abin da ya same shi bayan haka, a cikin gida aka yi masa shi.

Inda aka zuba mu tudu ne mai tsakuwa. Ɗakunan bulo jere reras, rufin kwano, ba itace ko ɗaya da akuya za ta fake. Fanfo guda ne a ƙarshen layi, shi ma sai ya ga dama yake kawowa. Mu da muka tashi muna wanke ƙafa a kogi kafin mu shiga ɗaki, sai ga mu muna zage-zage a kan jarka.

Mai Fito shi ne mai ƙetarar da mu a da. Duk wanda aka haifa a garinmu ya zauna a jirginsa, mai zuwa kasuwar ƙetare da mai zuwa asibiti da amarya da gawa. Jirgin na sassaƙa ne, daga gungumen itace guda, baƙi wuluk saboda shekaru. Ranar tashi sauran masu jirage suka sayar da nasu ko suka bar wa ruwa. Shi kuwa ya zauna a cikin nasa ya naɗe ƙafa, ya ce motar da ba za ta ɗauki jirgi ba, ba za ta ɗauke shi ba. Haka aka ɗaure jirgin a kan kaya aka kawo shi tudu, aka ajiye a gindin katangar da ke tsakanina da su, don nan ne kawai ake samun 'yar inuwa.

Ba wai zama ya zo yi ba. Ƙanin matarsa marigayiya yana cikin masuntan da suka kafa bukkoki a gaɓar sabon tafkin, ya aiko masa cewa ya zo, akwai bukka, akwai masu neman mai ƙetarar da su. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce a mota, in ka tashi da hantsi za ka yi azahar a can. Abin da Mai Fito yake nema a wurin 'ya'yansa ke nan, mota ta kai shi da jirginsa bakin ruwa. Bai nemi komai ba bayan wannan.

Kuma akwai gaggawa a ciki, duk ɗan kogi ya sani. Jirgin itace ba ya zaman tudu, ruwa ne ke riƙe da shi. In ya bushe sai ya fara tsagewa daga goshi. Muddin tsagar ba ta kai ciki ba, in aka mayar da shi ruwa zai kumbura ya haɗe bakinsa. In ta kai ciki kuwa, ya zama itacen girki.

'Ya'yansa maza biyu ne a gidan. Babban shi muke kira Ciyaman, tun da aka kafa ƙungiyar waɗanda ruwa ya tasa aka ɗora shi a kai, don shi ne ya yi boko mai zurfi a cikinmu. Bokon nan ma a jirgin nan ya ƙetara ya samo shi, kullum safiya, da jakarsa a ka don kada ta jiƙe. Ƙaramin kuma Direba, yana jan tifar wani ɗan kwangila. Ku riƙe wannan da kyau: yashin da tifar nan take kwasowa daga gefen tafkin ake ɗebo shi. Kullum da sassafe take wucewa ta ƙofar gidan, ba komai a bayanta sai shebur, ta nufi wajen ruwa.

Da farko abin kamar wasa. Ina jin su ta kan katanga.

"Baba, bari a gama zama tukuna," in ji Ciyaman. "Ko labule ba mu rataya ba."

Aka rataya labule. Tsoho ya sake magana.

"Baba, tifar nan fa ba tawa ba ce," in ji Direba. "In mai ita ya ji na ɗora jirgi, aikina ne zai tafi. Bari in lallaɓa shi."

A lokacin tsagar ba ta wuce tsawon yatsa ba. Mai Fito ya samo tsofaffin buhunan algarara ya lulluɓe jirgin, safe da yamma yana yayyafa musu ruwa da wani tsohon gwangwanin madara. Ya cusa tsumma a tsagar da bakin wuƙa, ya narka kwalta ya shafe. Sai ya ɗauki gawayi ya ja layi a daidai inda ta tsaya. Ya ce da ni, "Mai Banda, kin ga nan? In ta wuce nan, to, mun yi magana da ita ba ta ji ba." Na ce masa ai shi ma bai taɓa jin magana ba, jirgin gado ya yi. Ya yi dariya har da tari.

Ruwan ne ya fara kawo magana. Matar Ciyaman ce ke bin layin fanfo, ba zan ci haƙƙinta ba, tana shan rana. Ranar da ta ga gwangwani yana shiga bokitinta sai ta ajiye tsintsiya.

"Baba, don Allah dai. Ruwan da mutane ba su samu ba shi itace zai sha? Yara ko wanka ba su yi ba."

"Kaɗan ne, 'yata."

"Kaɗan ɗin ne babu."

Daga ranar ta saya wa randa murfi mai kwaɗo. Randa da kwaɗo, a gidan mutumin da ya yi rayuwarsa a kan kogi. Ta ware masa buta guda da kofi guda, ta ce na alwala ne da na sha. Ni kuma na koma miƙa masa ruwan da na ɗauraye kwanuka ta kan katanga. Yana karɓa da hannu biyu yana godiya, ni kunya ma take kama ni.

Ana cikin haka baƙi suka fara zuwa. Farar mota mai tambari a ƙofa, mutane da huluna da kamara da robobin ruwa a hannu. Sun zo jin tarihin garin da ruwa ya cinye. Ciyaman ya zaga da su layi-layi, ya nuna musu fanfo, suka gyaɗa kai. Ya nuna musu tsakuwa, suka gyaɗa kai. Da ya rasa abin nunawa sai ya shigo da su gidansa su sha inuwa, nan suka yi kiciɓis da tsoho a durƙushe yana yayyafa wa jirgi ruwa a tsakar gida, ba kogi ba rafi. Wata mata a cikinsu ta dafe ƙirji. Kamarori suka hau ƙyaftawa. Ni ina leƙe, kuma na ga fuskar Ciyaman a lokacin. Fuskar mai talla ce da ya gano abin da kasuwa take so.

Tun daga ranar zancen tifa ya canza a bakin Ciyaman.

"Baba, akwai wasu baƙin da za su zo makon sama. Su gani tukuna."

"Baba, jirgin nan shi ne shaidarmu. Da shi za mu samo wa mutane fanfo. Kai ba ka son a ce ta dalilinka gari ya sha ruwa?"

Me tsoho zai ce? Ya koma kan buhunansa. Tsaga ta wuce layin gawayi, ya ja wani.

Baƙi suka yi ta zuwa, wasu na tafiya wasu na sauka. Kafin su iso Ciyaman sai ya sa a cire wa uban rigarsa mai kyau a sa masa wata tsohuwa mai yagaggen wuya, a zaunar da shi cikin jirgi, a miƙa masa filafilinsa ya riƙe kamar yana tuƙi. Dattijo mai furfura, yana tuƙa ƙasa. Su kuma su ce ya ba su tarihi.

Shi kuwa tarihi yana da shi, don ba wanda ya kai shi sanin garin. Sai ya fara daga kakan kakansa da ya fara ɗaure jirgi a gindin tsamiya, da yadda masu jiran fito suka riƙa kwana a wurin har wata mata ta kafa rumfar abinci, rumfa ta zama gida, gida ya zama gari. Ya faɗi shekarar da kogi ya yi fushi ya shiga kasuwa, aka yi ciniki a cikin jirage. Ya faɗi wurin da ruwa ke juyawa a bayan dutse, inda ba a magana in ana wucewa don mai tuƙi ya ji motsin ruwa. In yana faɗin waɗannan sai ka ga ƙuruciya ta dawo masa, hannunsa na nuna gabas da yamma.

Sai Ciyaman ya sunkuyo. "Baba, ba wannan suke so ba. Faɗa musu wahala. Ka ce ba ka barci."

Rannan matar nan mai dafe ƙirji ta dawo. Ta durƙusa a gaban jirgin ta yi tambaya da harshensu, Ciyaman ya juya: wai me Baba yake so a yi masa?

Tsoho bai yi wata-wata ba. Ya ce, "Mota. Ta kai ni da jirgin nan ruwa."

Maganar ke nan, ba ƙari. Ni ban iya harshen baƙi ba, amma na iya tsawon magana. Ciyaman ya buɗe baki ya yi ta zuba, yana nuna layi, yana nuna sama, yana ƙirga abubuwa da yatsu, har matar ta gaji da durƙuso ta miƙe. Ba a jima ba aka kawo wa ƙungiya babur da kujeru da wani allo mai sunanta. Babur ɗin a ɗakin Ciyaman yake kwana. Fanfo dai har yau guda ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne da zafi ya tsananta. Wasu masu ɗaukar hoto suka ce gindin katanga ya yi duhu. Ciyaman ya kira samari suka ja jirgin zuwa tsakiyar gida, inda rana take kwana. Ya yaye buhunan ya watsar. Sannan ya tsuguna da ƙusa a hannu ya shiga zaƙulo tsumman da uban ya cusa a tsagar, yana ɓamɓare kwaltar.

Tsoho ya fito daga ɗaki yana jan ƙafa. "Kai, me kake yi haka?"

"Baba, so ake a ga yadda ya lalace. In an ga an gyara, sai a ce ba mu da matsala. In sun tafi sai ka mayar."

"Ba a mayarwa. In ta buɗe ta buɗe."

"To ai ba a ruwa yake ba balle ya nutse."

Na kasa haƙuri. Na ɗora hannu a katanga na ce, "Kai Ciyaman, ka ji tsoron Allah. Jirgin nan ne ya kai ka makarantar da kake wa mutane fankama da ita."

Ya ɗago ya yi mini murmushin nan nasa na taro. "Inna, ba za ki gane ba. Wannan aikin al'umma ne."

Al'umma. Kalmar da yake rufe kowace ɓarna da ita ke nan. Baƙi suka zo, suka kwanta a ƙasa suna ɗaukar tsagar ta kusa, suka tafi. Ba wanda ya mayar da jirgin inuwa. Tsoho ya roƙi samarin layi, suka ce Ciyaman ya ce a bar shi nan, wasu na tafe. Ni da shi muka gwada turawa, tsoho da tsohuwa, ko gezau bai yi ba. Muka zauna a ƙasa muna haki.

Na tare Direba washegari da sassafe, yana ɗumama tifa.

"Kai, zo nan. Motar nan ina za ta?"

"Ɗebo yashi, Inna."

"Me ke bayanta?"

Ya sosa ƙeya. "Ba komai."

"To ubanka da jirginsa sun fi ƙarfin ba komai ne?"

Ya kalli ƙofar gida ya rage murya. "Wallahi Inna ni ba na ƙi ba ne. Mai motar ma ya yarda tuntuni. Yaya ne ya ce in na taɓa jirgin nan ba ni ba shi. Kuma ki duba, Baba ya tsufa. In ya je ya faɗa ruwa, mu za a zaga, a ce mun yar da ubanmu."

"Mutumin da ya fi kifi sanin ruwa ne zai faɗa? A tudun nan dai kuke nutsar da shi."

Ya ce in yi haƙuri, za a duba. Ya ja motarsa fayau ya tafi, ina jin shebur yana ƙara a bayanta har ya sha kwana.

Layukan gawayi suka yi ta ƙaruwa a jikin jirgin, kowanne na gaba da na jiya. Rana tana shanye abin da aka yayyafa kafin a juya. Ruwan wanke-wankena bai isa ba. A nan ne na lura leɓen tsohon ya farfashe, idonsa ya faɗa, in ya miƙe sai ya dafa bango. Na sa ido. Da matar Ciyaman ta cika masa kofinsa ta shige ɗaki, sai na ga ya kai kofin baki ya jiƙa harshe kawai, ya waiga, ya lallaɓa ya juye sauran a tsagar.

Na ce, "Mai Fito, kashe kanka za ka yi?"

Ya ce, "Ni ina iya jurewa. Shi bai san haƙuri ba."

Na faɗa wa matar Ciyaman, don a ƙara masa. Ta ce, "Kin gani ko? Shi ya sa nake kullewa. Ko an ƙara, itacen zai ba." Na faɗa wa Ciyaman. Ya ce rikicin tsufa ne, zai saya masa magani in ya shiga birni. Ya shiga birni ya fito ya fi a ƙirga, da sabuwar jaka da sabon takalmi, maganin dai bai iso ba. Ƙanin matar tsohon ya zo da kansa a kan babur ɗin haya, ya ga jirgin ya riƙe baki. Ya ce in an kai shi ruwa cikin kwanakin nan akwai sauran fata. Ciyaman ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya kira shi Kawu, ya sa aka dafa masa abinci, ya rantse masa cewa an kusa. Ya raka shi har bakin titi.

Sai ga wata safiya na ji tifa tana ja da baya zuwa ƙofar gidansu. Na fito da zani a hannu. Samari sun cika gidan da igiyoyi da katakai. Ciyaman yana tsaye yana ba da umarni, na ji ya leƙa ɗakin uban ya ce, "Baba, yau dai jirginka zai tafi."

Wallahi har na yafe masa a zuciyata. Na ce ashe yaron nan yana da sauran imani.

Tsoho ya fito cikin rigarsa mai kyau, wadda ake cire masa in baƙi za su zo. Ya ɗaure 'yan kayansa a ɗankwalin matarsa marigayiya, buta a hannu, filafili a kafaɗa. Ban san inda ya samo ƙarfin ba. Shi ne har da gyara wa samari riƙo, yana cewa a tallafi goshin, kada a ja ta nan. Ya leƙo ta katanga ya ce, "Mai Banda, sai ki shirya murhu. Kifin farko naki ne, amma ba bashi." Na ce ya tafi can, wa zai ci kifin tsoho.

Aka ɗora jirgi aka ɗaure. Tsoho ya nufi gaban mota ya kama ƙofa. Direba yana zaune a kan sitiyari, ya kafa ido a gilashi kamar bai san shi ba. Ciyaman ya zo ya dafa hannun uban.

"Baba, ina za ka?"

"Ruwa mana."

"A'a, Baba. Birni za a kai shi. Akwai babban ɗakin da aka ware don tarihin garinmu, manyan mutane za su zo buɗewa. Za a ɗora shi a kan dakali, a rubuta sunanka a jiki. Duniya za ta san ka."

Tsoho ya dube shi. Ya dubi jirgin. "Akwai ruwa a ɗakin?"

Wani cikin samarin ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

"Baba, jirgin nan fa ya riga ya gama. Kai ma ka sani. Gara a adana shi."

"Bai gama ba. Saura kamar tafin hannu kafin tsagar ta kai ciki."

"To, in an gama bikin sai a san abin yi." Ya miƙa hannu. "Kawo filafilin, tare suke so."

Tsoho bai ba shi ba, bai kuma hana ba. Ciyaman ya zare shi daga kafaɗarsa kamar yadda ake zare abu a hannun yaro, ya jefa bayan mota, ya shige gaba ya rufe ƙofa. Ni kuwa na zazzaga masa abin da ke bakina, na kira shi da sunan da uwarsa take kiransa yana yawo ba wando, na ce Allah ya isa tsakaninsa da tsohon nan. Ƙarar inji ta danne muryata. Suka tafi suka bar shi tsaye a ƙofar gida da ƙunshin kaya da buta.

Da yamma Direba ya dawo shi kaɗai, Ciyaman ya tsaya kwana a birni. Tsoho yana zaune a tsakar gida, a gefen shatin da jirgin ya bari a ƙasa, har lokacin bai cire rigar ba. Direba ya so ya wuce sum-sum, uban ya kira shi.

"Ta wace hanya kuka bi?"

"Ta kan dam, Baba. Ita ce hanyar birni."

"Ruwan da yawa?"

"Da yawa. Ba a hango ƙarshensa."

"Kun tsaya?"

Direba ya sunkuyar da kai. "An hana tsayawa a wurin."

Tsoho ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, jirgin ya dai ga ruwan."

Daga ranar bai sake roƙon kowa komai ba. Na miƙa ruwan wanke-wanke ta katanga bisa sabo, ya ce in ba kaji. Matar Ciyaman ta cire kwaɗon randa, tana faɗa wa maƙwabta cewa yanzu an huta. Ta cika masa kofi, kofin ya wuni a inda ta ajiye, ƙuda na faɗawa. Na zaga na zauna kusa da shi na ce ya sha don Allah, ya kurɓa don ya rabu da ni. Na tsokane shi ta kowace hanya da na sani, bai rama ba. Da baƙi suka sake zuwa, Ciyaman ya nuna musu hoton jirgin a wayarsa, an shafa masa mai yana ƙyalli a kan dakalin siminti, an kewaye shi da igiya don kada a taɓa. Tsagar a buɗe, an haska mata fitila. Bai shigo da su gida ba, don tsoho ba jirgi ba abin kallo ba ne.

Kafin damina ta faɗi Mai Fito ya rasu, da rana tsaka, a kan tabarmarsa. Ni na fara lura, don na ga inuwa ta matsa ta bar shi a rana bai motsa ba.

Zaman makokinsa ba a taɓa yin irinsa a tudun nan ba. Fararen motoci har bakin fanfo. Aka kafa rumfuna, aka jera kujerun ƙungiya. Ciyaman ya tsaya a gaban mutane da babban hoton uban, wanda aka ɗauka yana tuƙa ƙasa da yagaggiyar riga. Ya ce dam ya raba mahaifinsa da ruwa, baƙin cikin haka ne ya kashe shi. Ya ce har ya koma ga Allah ba abin da yake ambato sai kogi. Muryarsa ta karye, ya share ido da hankici. Baƙi suka yi ta rubutawa. Direba yana can gefe a jikin tifarsa, shi kukan gaske yake yi, amma kukan da bai ɗauki jirgi ba ban ga amfaninsa ba.

Ni ban yi magana a taron ba, don ba a ba mata irina lasifika. Shi ya sa nake faɗa yanzu. Waɗanda suka gina dam ba su san Mai Fito ba, ba su taɓa zama a jirginsa ba, bai taɓa ɗaukar su a kafaɗa ya tsallakar da su taɓo ba. Sun cuce mu, Allah zai tambaye su. Amma su gari suka raba shi da shi. Ruwan yana nan, tafiyar hantsi zuwa azahar, mota tana zuwa can kullum ba komai a bayanta. Waɗanda suka hana shi, da cokalinsa aka yaye su.

Saboda manyan baƙi, ranar aka aiko da tankar ruwa guda har ƙofar gida. Aka cika randuna da bokitai da duk wata roba da ke layin, ruwa ya rage ba wurin zubawa. Sai na ga matar Ciyaman ta ja tiyo zuwa tsakar gida, wai kada ƙasa ta ɓata wa baƙi takalma. Ta tsaya a daidai shatin jirgin tana fesawa, tana fesawa, har wurin ya yi taɓo, ruwa ya taru ya gangaro ta ƙarƙashin katanga ya shigo gidana.

Na ɗauko gwangwanin madararsa da ya bari a kan katangar. Ko rabinsa ba ya cikawa in zai yayyafa.